Apakuki da Turancin Ban-Haƙuri

Apakuki taubashina ne, ɗan kawuna, ni kuma Sala 'yar goggonsa ce, saboda haka duk faɗin tsibirinmu ni kaɗai nake da ikon in ce masa tsohon banza a gaban jama'a in kwana lafiya. Na kuwa mori wannan iko tun muna yara, muna tsintar kaguwa a bakin teku. Wasu in sun gan shi tafe sai su kauce hanya su rusuna. Ni sai in tambaye shi ko ya wanke ƙafa.

Shi ne kakakin ƙauyenmu, gadon gidansu ne. Mai gari a nan Fiji ba ya buɗe baki a taro, sai kakaki ya yi magana da yawunsa. In an zo neman aure, ko an yi rasuwa, ko wani ya cuci wani an zo ban-haƙuri, Apakuki ne zai durƙusa ya ɗauki tambua, haƙorin ƙaton kifin nan na teku mai igiyar bawon kwakwa, ya riƙe shi hannu biyu ya yi magana. In wancan ɓangaren suka miƙo hannu suka karɓa, zance ya ƙare, ko da kan mutum aka fasa. Na ga mutanen da suka shigo taro da adda a gindin tabarma, suka fita suna share hawaye. Ban taɓa gaya masa ba, don kansa zai kumbura, amma bakin nan nasa ba shi da na biyu.

Makaranta kuwa a aji huɗu ya tsaya. Ubansa ya cire shi ya zaunar da shi a bayansa wurin shan yangona, ruwan saiwar da dattawanmu ke sha a taro, ya ce karatun da zai amfane shi yana nan. Kawu mutum ne mai tsanani. Kalma ɗaya in ta zame wa yaron, sai ya sa shi ya sake tun daga farko. Kullum labarinsa ɗaya, na wani kakaki daga tsallaken gaɓa da ya yi tuntuɓen harshe yana miƙa tambua, aka bar shi da abinsa a hannu, ƙauyuka biyu suka daina auren juna har wannan tsara ta ƙare. Magana mai tuntuɓe, in ji Kawu, zagi ce da aka yi wa ado. Da wannan Apakuki ya tashi, da shi ya tsufa, yana noman gwaza da rogo, yana magana da yawun mutane. Matarsa Litiana ta rasu ta bar masa 'yan mata da suka yi aure nesa, da ɗa namiji ɗaya, Nemani.

Nemani ya bi samarinmu zuwa Ostareliya tsinkar lemu. Yaro ne mai sanyin hali, shi ya sa suka ba shi tuƙin ƙaramar bas ɗin da ke kai su gona. Wata safiya barci ya sace shi a kan sitiyari, motar ta tsallaka hannun wasu, ta ɗauke wani saurayi a kan babur. Darcy sunansa, shi kaɗai ne wurin uwarsa, wata bazawara da ake ce wa Glenys. Nan take ya cika. Aka kama Nemani.

Ranar da labarin ya iso, Apakuki ya tashi daga layin gaba a coci ya koma bakin ƙofa, inda yara ke zama. Da aka zo neman auren wata jikar mai gari, ya aika cewa a nemi wani, bakin da ya fito daga gidan da ke da jini ba ya ɗaukar tambuan mutane. Na same shi a gona na ce masa ai hukuma za ta hukunta yaron, me kuma ya rage? Ya ce gidan yari tsakanin Nemani da hukuma ne. Jinin kuwa yana kan yaron, yana kan 'ya'yan da bai haifa ba, kuma zai zauna nan har ranar da uwar mamacin ta miƙo hannu ta karɓi tambua. Ban yi masa gardama ba, don ni ma abin da na yarda da shi ke nan.

To wa zai yi maganar? A al'ada mai laifi ba ya roƙa wa kansa, kakaki yake nema. Amma kakaki ba shi da kakaki. Fasto Meli, mai kula da cocin mutanenmu a can Ostareliya, ya yi waya ya ce shi zai je a madadinsa. Apakuki ya gode masa ya ce a'a. Aka ce a rubuta wa matar wasiƙa, ya ce tun da yake bai taɓa jin an saka haƙuri a ambulan an manna masa kan sarki ba. Aka ce to ya yi da harshenmu wani ya fassara. Ya ce matar da ɗansa ya kashe wa ɗa ba za ta tsaya tana jiran tafinta ba, daga bakinsa zuwa kunnenta maganar za ta tafi. Wato dai mutumin da ya haura sittin, wanda Turancinsa bai wuce gaisuwar safe ba, ya ƙudura zai koyi Turanci.

Mai iya koya masa a ƙauyen mutum ɗaya ce, Unaisi, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye aiki. Ita kuma matar ƙaninsa Osea ce. Tun ranar da aka kawo ta gidan, ita da Apakuki ba su taɓa yi wa juna magana ba, kuma ba za su yi ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, in suka yi kiciɓis a hanya ɗaya zai shiga ciyawa. Babu gaba a ciki ko kaɗan, girmamawa ce, kuma in ka tambaye ni ta fi mutunta shi fiye da duk mu masu yi masa surutu.

Ka san wadda aka ɗora wa wahalar, ni ce. Kullum in rana ta yi sanyi, shi zai zauna a gindin mangwaron bayan madafata, fuskarsa ga teku. Ita za ta zauna a bakin ƙofar madafa da littattafanta. Ni a tsakiya, ina kankarar kwakwa. Sai ta ce, Sala, gaya wa su Baban Nemani su maimaita. Ni kuma in juya in gaya masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. In ya amsa, ni yake amsa wa. Nawa Turancin na gyaran gado ne, wanda na tsinta shekarun da na yi aiki a wani otal a Nadi, amma haka na zama gadar da duk nahawun Bature ya bi ta kaina.

Ban bar aikin ya tafi a banza ba. In ya yi kuskure sai in ce masa malama ta ce kansa busasshiyar kwakwa ne, ko ruwa babu. Ya ce bai ji ta faɗa ba. In ce ai ba shi da izinin jin ta. Unaisi ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Wannan ce kaɗai dariyar da ake yi a wurin, ita ma ba ta daɗewa.

Watannin farko abin ya tafi da sauri, don mutumin yana da kan riƙe magana. Unaisi ta ce ya faɗi abin da yake son faɗa, ta juya masa, ya haddace, a gama. Ya ce in gaya mata shi ba aku ba ne. Kakaki ba ya ɗaukar kalmar da bai san nauyinta ba, dole ya san abin da ya sa kowace take zaune a inda take. Ta nisa, ta buɗe littafin nahawu.

A nan muka faɗa ramin da ya cinye mu. A harshenmu in aiki biyu suka haɗu a magana, na zo in roƙa, na daina kuka, ba ka tsayawa tunani, bakinka ya san hanya. Bature kuwa sai ya ce aikatau na biyu ko dai a sa masa wata 'yar kalmarsu, “to”, a gabansa, ko a liƙa masa “ing” a bayansa. Apakuki ya raɗa musu suna, na farko ɗan jagora, na biyu wutsiya. Wani aikatau ba ya yarda a biyo shi sai da ɗan jagora. Wani kuma in ba wutsiya ba, bai san zance ba. Akwai marasa zaɓe, kowanne ka kawo su karɓa. Akwai kuma munafukai, masu karɓar duka biyun amma ma'ana ta sauya ba ka sani ba. Jawabinsa kuwa cike yake da su, don ban-haƙuri duk aiki ne a kan aiki: mun zo mu durƙusa, mun kasa ɗaga kai, ki yafe masa kashe miki ɗa.

Ya ce in tambaye ta dalili. Me ya sa kalmar “so” take tafiya da ɗan jagora, “jin daɗi” kuma da wutsiya, alhali 'yan gida ɗaya ne? Unaisi ta juya shafi gaba, ta juya baya, ta ce in gaya wa su Baban Nemani babu dalili, haka masu harshen suka tarar. Na zaci zai yi fushi. Sai ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ashe al'ada ce. Daga ranar ya ɗauki abin da wani irin girma da ya ba ni tsoro. Ya raba aikatau gida-gida kamar yadda ya san dangogin tsibirin nan, wane gida ke aure a wane gida, wa ba ya zama kusa da wa. In ka wuce gonarsa za ka ji shi yana yi wa gwaza bita, kowane tushe da nasa aikatau. Yara suka fara cewa tsohon ya taɓu.

Ana cikin haka aka yanke wa Nemani hukunci. Fasto Meli ya je kotun, ya kira mu bayan an tashi. Ya ce an ba uwar mamacin dama ta yi magana, ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne har yau babu wani daga dangin yaron da ya ce mata ko sannu. Shi Nemani lauyansa ya hana shi tuntuɓarta. Fasto ya ce don Allah Apakuki ya taho haka nan, da abin da ya samu.

Unaisi ma ta ce in gaya musu Turancin da suke da shi ya isa a fahimce su, kuskuren wutsiya bai taɓa hana Bature gane magana ba, su kansu suna yi. Ban tsaya a saƙonta ba, na ɗora nawa. Na ce masa matar nan tana can ita kaɗai tana kallon hanya, shi yana nan yana aurar da kalmomi. Na ce girman kai ne yake damunsa, ya fi tsoron a ce kakaki ya yi tuntuɓe a kan a ce ba shi da tausayi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Sala, sau ɗaya ake miƙa tambua. In na je na zame, na ƙara mata zagi a kan gawa, da wane baki zan koma? Tunda har ta faɗi haka a gaban alƙali, maganar da zan kai mata sai ta fi ta da nauyi.”

Ya ƙara wa jawabin tsawo. Na yi kwanaki ban kula shi ba, na ce su nemi wata gadar. Amma ina kallonsa ta tagar madafa, yana zuwa ya zauna a gindin mangwaro shi kaɗai, ita ma ta zo ta zauna a bakin ƙofa da littafi a cinya, ba mai iya cewa uffan. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ɗauko makankarata na koma tsakiya ina zaginsa.

Nemani yakan samu ya yi waya jefi-jefi. Ba ya tambayar kuɗi, ba ya ƙorafin abinci, tambayarsa ɗaya, yaushe Baba zai je wurin matar. Ya ce ba ya iya rufe ido bai ga babur ɗin ba. Uban yakan ce saura kaɗan. Haka damina ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce.

Ranar da ya karanta jawabin daga farko har ƙarshe, Unaisi tana bi da yatsa ba ta tsayar da shi ko sau ɗaya ba, ta rufe littafin ta ce in gaya wa su Baban Nemani ba ta da sauran abin koya musu. Ta ƙara da cewa abu ɗaya ne yake damunta, sun iya faɗa amma ba su saba ji ba, Turawan can kuma maganarsu da sauri take, ta hanci. Ya ce ai shi faɗa zai je yi. Ƙauye ya yi karo-karo, aka ce in raka shi, tunda na taɓa shiga jirgin sama kuma ba na jin kunyar tambayar hanya.

Muka isa Ostareliya. Garin da matar take ƙarami ne, gonakin lemu ta ko'ina. Fasto Meli ya samo mana tambua a wurin wani dattijonmu da ya daɗe a can, tsoho ne, ya yi ja saboda shafar hannu. Ya kuma aika wa matar ta bakin wata maƙwabciyarta cewa mahaifin Nemani ya iso, yana son ganinta. Amsar da ta dawo gajeriya ce, tana gida ranar Asabar da hantsi. Fasto ya so mu je mu uku. Apakuki ya ce ban-haƙurin jini da mutum uku raini ne, sai ka ce an taka wa mutum kaza. Aka tara samarinmu masu tsinkar lemu, sun fi goma, kowa da farar riga da zanensa na coci.

Muka cire takalma a bakin shinge, muka shiga a sunkuye, muka zauna a kan ciyawar gaban gidan. Ni na fara ganin abin da ke kan baranda. Kujeru biyu ne suna fuskantar juna, da ɗan tebur a tsakani, da butar shayi, da kofi biyu, da farantin biskit an rufe shi da tsumma. Na gane hira ta shirya da mutum ɗaya, ba taro ba.

Ta turo ƙofar raga ta fito. 'Yar ƙaramar mace ce, gashinta fari an yanke shi gajere. Da ta ga ƙarti sun cika mata ƙofar gida ta ja da baya, hannunta bai saki ƙofar ba. Fasto ya gaishe ta ya nuna mata Apakuki. Ta dube shi, ta nuna kujera, ta ce ya hau ya zauna. Na raɗa masa. Ya girgiza kai. Mai laifi ya hau ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wadda ya cuta, har ya sha mata shayi? Ya ja gwiwa ya matsa gindin matakala, ya ɗaga tambua hannu biyu, ya sunkuyar da kai ƙasa yadda ya kamata, ya fara.

Na sha jin jawabin nan har na iya rabinsa, amma ban taɓa jin sa kamar ranar ba. Da muryar taro ya yi shi, mai nauyi, kowace kalma a mazauninta. Ya ce mun zo mu kwanta a ƙasarki, mun zo mu roƙi abin da ba mu cancanta ba. Ya ce ɗana ya kashe fitilar gidanki, ba mu da wadda za mu kunna miki. Samarin nan da suka fi shi jin Turanci, hawaye suke ta yi. Da ya kai ƙarshe suka amsa da murya ɗaya, suka yi tafin nan mai zurfi na girmamawa. Matar ta zabura da jin tafin.

Yana durƙushe, hannuwansa a miƙe, yana jiran ya ji an ɗauke nauyin daga tafinsa.

Ta ce, “Wa ya rubuta masa wannan? Lauyan ne?”

Fasto ya fara cewa a'a, ta katse shi. Ta ce makon jiya aka aiko mata cewa za a zauna a duba ko za a saki Nemani kafin lokacinsa, yau kuma ga mu da jawabi mai kyau. Wallahi ba mu san da wannan zama ba, ko Fasto bai sani ba. Ta ce watannin farko in ta ji mota ta tsaya a waje sai ta leƙa, tana cewa ko su ne. Ba wani abu take so ba, so take wani ya zauna ta gaya masa wane ne Darcy.

“Ku dube shi,” ta ce. “Tun da ya fara, ko sau ɗaya bai kalli fuskata ba.”

Nan na manta da cewa mace ba ta tsoma baki a irin wannan wuri. Na miƙe a kan gwiwa na kwaso Turancina na otal. Na ce mata ba lauya, shi ne, da kansa. Na ce sunkuyar da kai girmamawa ce a wurinmu. Na ce mutumin nan bai iya Turanci ba, kusan shekara biyu yana koyo kullum, don kada ya yi kuskure a gabanta, shi ya sa bai zo ba. Na zaci wannan zai sanyaya mata rai.

Ta dube ni ta ce, “Wato ɗana yana cikin ƙasa, shi yana makaranta.”

Apakuki bai kama ko ɗaya daga cikin maganganunta ba, sun yi masa sauri. Ba tare da ya ɗago ba ya tambaye ni da harshenmu me ta ce. Na gaya masa duka, ban rage ba, don ba a yi wa kakaki ƙarya yana riƙe da tambua. Na ga bayan wuyansa ya jiƙe.

Ya ɗago kai. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya kalli wanda yake roƙo a ido. Ita ma ta kalle shi, ta saki ƙofar, har ta tako zuwa bakin matakala. Jira take. Na rantse jira take, ko me ya fito daga bakinsa a lokacin za ta saurara. Ya buɗe baki. Ina ganin leɓɓansa suna motsi, yana ɗauko kalma yana auna ta yana mayarwa, yana neman wadda za ta bi ta, da jagora ne ko da wutsiya. Na matsa na mintsine shi a cinya, na ce, “Kuki, faɗi ko mene ne. Ko karyayye ne, faɗi.”

Bai iya ba. Shekara sittin ba a taɓa barin kalmar da ba a auna ba ta fita daga bakin nan, ranar ma ba ta fita ba.

Ta jira har iya jiranta. Daga nan ta juya, ta haɗa kofunan nan biyu da butar a kan tire, ta ɗauka ta shige, ta tura ƙofar da ƙafa. Ba ta buga ta ba.

Shi kuwa bai sauke hannu ba, don ba a ajiye tambuan da aka miƙa. Rana ta hau, samarin suka rasa inda za su sa idonsu. Igiyar tambuan tana ta lilo. Sai da Fasto Meli ya rarrafa ya zare shi daga yatsunsa, ya naɗe a cikin rigarsa. Mutum biyu suka ɗaga Apakuki, don ƙafafunsa sun mutu.

Washegari muka je wurin Nemani. Ya shigo da saurinsa, ya dubi fuskar ubansa, ya zauna a hankali. Bai tambaya ba, uban bai faɗa ba. Suka yi hirar gwaza da rufin coci har lokaci ya cika. Da za mu fita yaron ya riƙe hannuna ya ce, Goggo, ko za a sake komawa? Na ce masa sai yadda Allah ya yi.

A hanyar dawowa ban tsokane shi ba ko sau ɗaya, shi ma bai nema ba. Jirgin ruwa ya sauke mu da la'asar. Mutane sun taru a gaɓa, amma da suka ga yadda muke tafiya kowa ya kama gabansa, ba wanda ya tare mu. Bai nufi gidansa ba, ya biyo ni, ya zauna a gindin mangwaro, fuskarsa ga teku. Ban gama ajiye jaka ba sai ga Unaisi, da garin rogo a hannunta ko wankewa ba ta tsaya yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar madafa tana haki, ta dube ni, ta dubi bayansa.

Ta ce, “Sala, tambayi su Baban Nemani, yaya aka yi?”

Na juya zan ba ta amsa. Shi ya riga ni.

Ya ce, “Gaya wa malama ban yi kuskure ko ɗaya ba.”